Fuskar Mala'ikan da Na Haɗa

Ƙarfe goma da rabi na safiyar wata Laraba, cikin watan Oktoba na 2013, Bashmuhandis Wajdi, injiniyan da ke kula da aikinmu, ya sauko ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda nake aiki. Ya tsaya a kaina da kofin shayinsa, ya ce in yi wa fuskar mala'ikan mazubi. Na riƙe lokacin ne saboda ƙararrawar gidan sistoci, matan Kirista masu zaman ibada, ta buga yana tsakiyar magana, ya dakata har ta gama. Daga wannan sa'a zamana a Alƙahira ya fara lalacewa. Amma a ranar murna na yi.

Ƙarƙashin cocin

Sunana Zulai, 'yar Zariya ce ni. Mahaifina magini ne, irin waɗanda ke yi wa bangon zaure zayyana tun laka tana ɗanya. Shi mutum ne mai hira, ni kuwa ko a aji sai an kira sunana nake buɗe baki. Hannunsa kawai na gada. A ƙarshen 2011 na zo Masar karatun digiri na biyu kan gyaran tsofaffin gine-gine. Malamar da ke duba aikina, Duktura Nahid, ita ta tura ni wani tsohon coci na gidan sistoci da ke bayan babbar tashar jirgin ƙasa, ta ce a kansa zan rubuta kundina.

Magina 'yan Italiya ne suka gina shi tun zamanin kakanni, da salon da ake kira barok. Ban taɓa ganin gini mai surutu irinsa ba. Ginshiƙai a murɗe kamar igiya, gajimaren jibs, wato farar ƙasar ado, na zubowa daga rufi, ruwan zinariya a kowace kusurwa, ga jarirai masu ƙiba da fukafukai suna leƙe ta kowane lungu. Girgizar ƙasar da aka yi a Alƙahira a 1992 ta tsaga kubbarsa, ta zubo da rabin adon ƙasa. Tun daga nan aka rufe shi, sistocin suka koma yin addu'arsu a ɗakin cin abinci.

Da an bar ma'aikatan wancan lokacin, da babu abin da ya rage. Sista Marta ce ta hana. Tsohuwa ce 'yar Sa'id, kudancin Masar, gajera, idonta ya kusa mutuwa, bakinta kuwa da ransa.

"Sun zo da shebur za su kwashe, ya binti," ta ce da ni ranar farko, wato tana kirana 'yarta. "Na kwanta a kan tarkacen. Na ce ku kwashe da ni, ba ni da nauyi."

Ita kaɗai ta tsince ɓaraguzan, ta naɗe kowanne a cikin tsofaffin mayafan sistoci, ta jera a akwatunan lemo a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Shekara ashirin tana share musu ƙura.

A saman bagaden cocin, wato wurin da firist, limamin cocin, ke tsayawa, akwai wani babban mala'ika wanda jikinsa ya tsira a bango amma kansa ya faɗo ya tarwatse. Fuskar ta kai girman tiren shayi. Ita aka ba ni. Sauran ɗalibai, 'yan ƙasa, suna sama a kan katakan hawa suna goge zinariya inda kowa zai gan su. Ni aka tura ƙasa, wurin danshi da kyankyasai. Ban damu ba. Ina son wurin da babu mai kallona.

Fiye da shekara na yi ina haɗa ta. Wani yankin bai kai farce ba. In ɗauka in juya, in gwada, in ajiye, in sake ɗauka bayan sati. Ƙa'idar aikinmu ita ce gyara ba ya ɓoye kansa: duk inda na cike giɓi, sai in sa jibs mai ɗan haske fiye da na asali, yadda mai tsayuwa daga nesa zai ga fuska cikakkiya, wanda ya matso kuwa zai ga inda ta taɓa fashewa. Bayan fuskar na bar shi yadda mai ginin farko ya yi shi, da zaren rama da gashin doki a tsattsaye cikin jibs, da wani lotsi a bayan kunne inda babban yatsansa ya danna.

Sista Marta takan sauko da azahar da shayi da cukwi cikin burodi. Ita ta share min wani lungu ta shimfiɗa kwali don salla.

"Bagadenmu gabas yake kallo," ta ce. "Ke ki ɗan karkata dama. Kada ki je ki yi sallarki ta tafi Urushalima, a ce ni na sace ki."

Ba ta iya ganin aikina, sai dai ta shafa. Kullum ta zo sai ta bi fuskar da yatsunta, gaba da baya, ta ce, "An samu gira," ko "Yau leɓe ya dawo." Tana kiransa habibi, wato masoyina.

Hayyul Ashir

A unguwar Hayyul Ashir nake kwana, a wani gida da ɗaliban Najeriya mata suka kama. Babbarmu Anti Rabi, 'yar Katsina, tana karatun tafsiri, ita ke riƙe da gidan. Tana da kirki a tukunya: duk Juma'a sai ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka da daddawar da ake aiko mata daga gida, mu ci mu yi shiru, kowa na tunanin uwarsa. Amma aikina ya tsaya mata a maƙogwaro.

"Zulai, duk masallatan da ke Alƙahira, masu tsagewa da masu zubewa, ba ki ga na gyarawa ba sai gunki?"

"Anti, ba ni na zaɓa ba. Kuma ba ƙerawa nake ba, haɗa abin da ya fashe nake."

"To ai ko mai haɗa tulun giya zai ce ba shi ya dafa ba."

'Yan ɗakin su yi dariya, ni in sunkuyar da kai in ci gaba da wanke jibs daga ƙarƙashin farcena. Ni kaina nakan yi tunanin abin a kan sallaya. Zayyanar Baba ba ta da ido ko hanci. Amma idan na tuna tsohuwar nan kwance a kan tarkace tana hana shebur, sai in ji ba zan iya barin abin da ta adana a watse ba.

A titi kuwa, abin da kowace baƙar fata ta sani a garin nan shi nake sha. Yara su bi ni suna kiran "shokolata", wato cakulan, direban bas ya karɓi kuɗina ya manta da canji har sai na sauka. Na koyi tafiya da ido a ƙasa.

Damina a gida, zafi a Masar, na shekarar 2013, gari ya rikice. Aka sa dokar hana fita, aka ƙona coci-coci a wasu garuruwa, sistoci suka rufe ƙofa da sarƙa. Turawan da ke ba da kuɗin aikin suka janye. Ɗalibai 'yan ƙasa suka daina zuwa, ma'aikata suka watse. Rufin cocin kuwa a buɗe yake, an cire tsofaffin katakai ba a sa sababbi ba, leda kawai aka shimfiɗa. Ni ce kaɗai na ci gaba da zuwa, tun da ba biyana ake yi ba balle a daina.

Mazubi

A wannan hali Bashmuhandis Wajdi ya sauko a safiyar Larabar nan. Fuskar ta kammala, tana kwance a kan buhun yashi. Ya daɗe yana kallonta.

"Allah ya yi wa hannunki albarka, ya duktura," ya ce. Bai taɓa kirana da haka ba. "Muna son kwafi. Za mu aika wa masu ba da taimako a Turai su ga abin da kuɗinsu ya yi, ko zuciyarsu ta yi laushi. Amma ya zama kamar ita sak. Kin gane? Sak."

Yin mazubi ba baƙon abu ba ne a aikinmu. Ana shafa wa abu roba mai ruwa, ta bushe, a ɓare ta, a zuba sabon jibs a ciki, sai siffar ta fito. Na yi shi a hankali. Da kwafin ya fito fari fat, sai na zauna da burushi ina ba shi shekaru. Na jiƙa shayi na shafa masa, na kwaso ƙurar cocin na goga a lungunan ido, na bi layukan gyarana ɗaya bayan ɗaya na zana su da launi mai haske. Mutum ya ce sak, ni kuwa ban iya rabin aiki ba. Bayan ne kawai ban taɓa ba, na bar shi sumul, don wa ke kallon bayan kwafi?

Shugabar gidan, Mer Klara, ta sauko da kanta ta gani. Doguwar mace ce mai tabarau, mai magana a hankali, wadda duk unguwar ke girmamawa saboda makarantar 'yan mata marayu da suke riƙe da ita a harabar. Ta dubi fuskokin biyu a jere, ta tambaye ni wacce ce wacce. Na nuna mata ina jin daɗi.

Aka sa kowacce a akwatinta na katako, aka buga ƙusa. Ta asali aka tura ta lungu, aka ce ta jira a gama rufi. Kwafin aka fita da shi. Makullin ɗakin biyu ne, ɗaya a wurina, ɗaya a wurin Mer Klara.

Kafin sanyi ya shigo sosai, manyan motoci suka fara sauke sababbin katakai a ƙofar cocin. Ma'aikata suka dawo. Na ce a raina, kwafina ya yi aiki, Turawa sun ji tausayi. Har na buga wa Baba waya na gaya masa.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ki dai riƙa wanke hannu kafin ki ci abinci. Farar ƙasa na cin hanji."

Ranar ɗagawa

Gab da bikin Ista na Kiristoci na 2014 aka sa ranar mayar wa mala'ikan kansa. Aka fito da akwatin tsakiyar cocin, sistoci suka kewaye shi, ma'aikata suka ɗaura igiya a sama. Aka ɓalle murfi. Kowa ya yi ajiyar zuciya. Ni ma na duba, na ga fuskar da na haɗa, ban ga wani aibi ba.

Sai Sista Marta ta ce a dakata.

"Ku bar ni in yi masa sallama. In ya hau can, hannuna ba zai ƙara kai masa ba."

Aka kama ta aka kawo ta. Ta shafa goshi, ta shafa kunci. Sannan ta zura hannu ta baya, kamar yadda ta saba. Na ga yatsunta sun tsaya. Suka koma, suka sake lalube bayan kunne.

"Ina gashin?" ta ce. "Ina yatsan mutumin?"

Ta sake shafa bayan, ta ɗaga murya.

"Wannan ba shi ba ne! Wallahi ba shi ba ne! Shekara ashirin ina share shi, ku ce min ban san bayan kansa ba?"

Na durƙusa na juya fuskar. Sumul. Hannuna ne, shayina ne, ƙurata ce. Ban san lokacin da na ce, "Wannan kwafin da na yi ne," ba. Da bakina na faɗa, a gaban kowa.

Bashmuhandis Wajdi ya tafa hannu ya ce la haula. Ya ce shi dai ya aika kwafi Turai, ko aƙalla abin da aka ba shi a matsayin kwafi, kuma akwatin ya ɓace a hanya saboda rikicin gari. Ya ce wanda ya iya yin ɗaya ai zai iya yin biyu. Ya tambayi wa ke kwana da makulli a jaka, wa ke zuwa ita kaɗai duk watannin da babu kowa. Bai ambaci sunana ba. Wani daga cikin ma'aikatan ya ce daga sama, "'Yan Afirka ai haka suke," kamar shi a wata nahiyar aka haife shi.

Mai baki da ta yi ihu a nan. Ni Larabcina ya gudu, Hausata ma ta gudu. Na tsaya riƙe da kwafin ina kallon Mer Klara, don ita ce ta ga an buga ƙusoshin.

Ta kira ni ofishinta, ta zuba min ruwa.

"Ba za mu kira 'yan sanda ba," ta ce. "Ke baƙuwa ce, yarinya ce, ba na so a wulaƙanta ki. Ki ajiye makullin. Mun yafe miki."

"Mer, ban ɗauka ba."

"Mun yafe, ya binti. Khalas, magana ta ƙare."

Na fito. A bakin ƙofa mai gadi yana gaya wa mai sayar da ful, dafaffen waken da suke karyawa da shi, irin kirkin Mer Klara.

Arba wa Nus

Labari ya riga ni zuwa jami'a. Duktura Nahid ba ta ce in zauna ba.

"A wannan sana'a suna ne jari," ta ce. "Ba zan iya gabatar da ɗaliba gaban kwamiti ana cewa ta musanya kayan tarihi ba. Ban ce kin yi ba. Amma sai Mer Klara ta ce min ba ki yi ba. Ko waya ce ta buga min, ya isa. Ranar da ta buga, ki zo mu sa ranar kare kundinki."

Abin da ya rage ke nan tsakanina da shekarun da na zuba a garin nan: wayar mace guda. Izinin zamana kuma a kan karatun yake rataye.

A gida Anti Rabi ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Ta jira aka gama cin abinci.

"Ni ban yarda kin yi sata ba, Zulai. Ke ko cokalin sukari sai kin tambaya. Amma mai gidan nan ya ji, kuma idan hukuma ta shigo, dukkanmu za a bincika, ga wasu izininsu ya ƙare. Ki yi haƙuri ki nemi wuri zuwa abin ya lafa." Ta fara tattara kwanuka. "Na gaya miki tun farko gidan mutanen nan ba wurinki ba ne."

Ta ƙulla min daddawa a leda. Na karɓa.

Na koma Arba wa Nus, unguwar da 'yan Sudan da sauran baƙaƙe suka cika, inda ruwan famfo ke zuwa lokacin da ya ga dama. Wata Bahaushiyar Sudan, Hajiya Sa'adiyya, mai yi wa amare lalle, ta ba ni katifa a falonta. Kakanninta daga Kano suka taso da ƙafa za su Makka, suka tsaya a hanya, ita kuwa ba ta taɓa ganin Kano ba. Hausarta ta tsofaffi ce, an yayyafa mata Larabci.

"Me suka ce kin sata?"

"Fuskar mala'ika, Hajiya."

Ta ajiye ludayi ta dube ni sama da ƙasa. "Ke? Da wannan jikin? To ina kika sa ta, a aljihu?" Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta zuba min asida, tuwonsu na Sudan, da miyar busasshiyar kuɓewa. "Ci, 'yata. Ɓarawo ba ya ramewa haka."

Ita ce mutum ta farko da ta sa na yi kuka. Na zama mai riƙe mata kwanon lalle, daga baya na fara zanawa, don hannun da ya iya haɗa gira zai iya jan layi a tafin amarya. Da haka na ci abinci kusan shekara guda. Baba na bugo waya yana tambayar yaushe za a gama, ina ce masa an kusa.

Wustul Balad da Mohandessin

Na sa a raina idan na gano fuskar, zan gano wanda ya sayar. Na bi shagunan tsofaffin kaya na Wustul Balad, wato tsakiyar gari, lungu-lungu, ina nuna hoto a wayata. Wani ya ɗauka 'yar aiki ce aka aiko, ya ce in gaya wa uwar ɗakina ta zo da kanta. Wani ya karɓi kuɗin mota ya ce zai kai ni wurin wani dillali, ya bar ni tsaye a bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har la'asar. Wani tsoho mai gyaran agogo, wanda ban ma tambaye shi ba, ya miƙo min kujera da ruwan sanyi, ya dubi hoton, ya ce irin wannan kaya ba ya kwana biyu a gari, tuni ya haye teku.

Na je ofishin Bashmuhandis Wajdi a unguwar Mohandessin sau da yawa. Sakatariyarsa ta san ni har ta daina ɗaga kai. Ranar da na tare shi a bakin lif, na'urar hawa bene, ya yi murmushi kamar ya ga 'yar uwarsa.

"Ya duktura! Har yanzu kina gari?"

"Bashmuhandis, kai ka ce in yi kwafin."

"Na ce. Kuma kin yi shi da kyau, tamam. Ki ji shawara, ma'alish, ki yi haƙuri ki koma gida ki yi aure. An yafe miki, me kuma kike nema?"

Lif ya rufe.

Gidan sistoci kuwa mai gadi ya ce an hana ni shiga. Sau ɗaya kawai na ga Sista Marta, ta cikin ƙarafan ƙofa, an zaunar da ita a rana. Na kira ta. Ta juyo da fuskarta wajen muryata.

"Zulaikha? Matso." Ta zuro hannu ta kama nawa, ta shafa yatsuna. "Ni na jawo miki. Da na yi shiru da an ɗaga shi, babu wanda ya sani. Amma ban iya ba." Ta matse hannuna. "Na gaya musu ba ke ba ce. Sun ce na tsufa."

Ta rasu cikin sanyin wannan shekarar. A bakin mai sayar da ful na ji.

Ofishin Mer Klara

A 2015 aka buɗe cocin. Ranar an bar ƙofa a wangale ga kowa, na shiga cikin jama'a na tsaya a baya. Zinariya na walƙiya, ana waƙa, 'yan matan makarantar marayu sun jeru da fararen riguna. A saman bagade mala'ikan yana da kai. Kwafina ne. Daga ƙasa babu abin da ya rage shi da shi. Wata mata kusa da ni ta share hawaye ta ce ji yadda ya dawo kamar bai taɓa faɗuwa ba.

Ni kuwa ba shi nake kallo ba. Rufin nake kallo. Sababbin katakan nan, masu kauri, waɗanda suka fara isowa makonni kaɗan bayan an fita da akwati. A jawabin godiya firist ya ambaci Turawan da suka taimaka a farko, ya ce duk da sun janye tun lokacin rikici ba su dawo ba, Ubangiji ya buɗe wata ƙofa. Ba su dawo ba. Ashe fuskar asali ce ta fita a akwatin nan, kuɗinta ne ya sayo katakan.

Izinin zamana saura makonni. Da aka watse na bi bayan Mer Klara har ofishinta, babu wanda ya tare ni a cikin cunkoson. Ta gan ni, ba ta yi mamaki ba. Ta rufe ƙofa da kanta.

"Mer," na ce, "da me aka yi rufin?"

Ta cire tabarau ta ajiye a tebur. Ta tsufa a shekarar nan fiye da yadda na zata.

"Kin ga ledar da ke sama a lokacin," ta ce. "Ruwa ɗaya mai ƙarfi, da kubbar ta sauko. Bangon makarantar a jikinta yake. 'Yan mata na kwana a wurin."

"To ki gaya wa Duktura Nahid haka. Ko kada ki gaya mata komai. Ki ce kawai ba ni ba ce. Kalma ɗaya, Mer. Ga wayar nan a gabanki."

Ta dubi wayar. Na yi zaton za ta ɗauka. A waje ana ta dariya, ana raba alewa, ƙararrawa na bugawa.

"Na bar gida don wannan karatun," na ce. "Mahaifina yana jira. Ba ni da wani abu sai sunana."

Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, ba tare da fushi ba, ba tare da kunya ba.

"Idan na ce ba ke ba ce, za a tambaye ni wane ne. Daga nan sai hukuma, daga hukuma sai a rufe gidan nan, da makarantar, da komai. Na auna, ya binti, tun kafin a buga ƙusa na auna. Ke kina da ƙasar da za ki koma. Mu ba mu da inda za mu."